Mabiya Dubu Arba'in, Aljihu Wayam: Martani Ga Masu Cewa Na Mayar Da Tafiya Kasuwa



Tun ranar Asabar da muka tashi daga zaman da muka yi da yaranmu na soshiyal midiya wayata ba ta huta ba. Wasu sun kira sun yi godiya, wasu sun kira sun yi ƙorafi cikin mutunci, wasu kuma ba su kira ba, sun zagaya sun kai ƙarata wurin manya, wai shugaban matasa ya tara sojojinmu yana koya musu tallan atamfa da turare maimakon ya koya musu kare jagora. Wani ma har rubutu ya yi. Bai kama suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ya ce wai an saye ni, an ba ni kwangilar kashe mana midiya kafin zaɓe.

To ga ni na zo da kaina. Abin da na faɗa a ɗaki zan maimaita shi a fili, don a daina yi min fassara. Cewa na yi: duk matashin da yake da shafi a Twitter, wanda yanzu ake kira X, kuma shafin nan bai taɓa kawo masa cinikin naira ɗaya ta halak ba, bai haɗa shi da aiki ba, bai sa wani baƙo ya amince masa ba, to wannan shafin na mai saya masa data ne, shi gadi kawai yake yi. Haka na faɗa, ban janye ba, kuma yau zan kawo dalilaina. Wanda yake da martani ya zo da nasa dalilan, kada ya zo da ashar, don ashar ɗin ce ma ta kawo mu inda muke.

Ni ba labari aka ba ni ba, a cikin harkar nan na tashi. Na gama difloma a fannin kasuwanci, na yawata da takardu ofis-ofis har takalmina ya cinye, aiki bai samu ba, sai na rungumi waya. Daga kakar zaɓen 2015 zuwa ta 2019 da wuya ka samu wanda ya fi ni iya baƙar magana a layinmu. Idan aka taɓa maigidan da nake yi wa aiki a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, kafin biyu da kwata na rama, har da ƙari. Ana tafa min, ana ce min "sai kai", ana turo min kuɗin data duk ƙarshen mako, wani lokaci a haɗa da ɗan na cefane. Mabiyana suka haura dubu arba'in. Na ɗauka na zama wani.

Aka gama zaɓe, aka raba abin da za a raba, lambar da nake kira sau biyar a rana ta daina shiga. Ban ce an zalunce ni ba, don babu wanda ya taɓa yi min alkawari. Aikin da aka ɗauke ni ne ya ƙare, shi ke nan. A lokacin maiɗakina tana da tsohon ciki, ga kuɗin haya ya zo. Wani kawuna mai shago a Kantin Kwari ya ce min, "Kai da kake da jama'a a waya, ɗauki shadda bandir biyu ka tallata, riba mu raba." Na ce, "Kawu, ai wannan ƙaramin aiki ne." Na ɗauki hoto na ɗora. Kwana uku, wallahi ko yadi ɗaya ban sayar ba. Abin da na samu shi ne dariya. Waɗanda na shekara huɗu ina zagi suka yi ta yaɗa hoton suna cewa Oga ya sallami yaronsa ya koma talla. Nawa kuwa, masu ce min "sai kai", shiru kake ji. Ban ga laifinsu ba, ai ba kaya suka biyo ni su saya ba, faɗa suka zo kallo. Ranar da babu faɗa, babu su.

Wanda ya fi min ciwo daga baya ya zo. Wani bawan Allah daga Abuja zai aurar da 'ya, yana son anko na mutum kusan ɗari. Mun yi magana, mun daidaita farashi, saura ya turo kuɗi. Washegari sai ga saƙo daga wurinsa: hoton wani rubutu da na yi shekara uku baya, inda na ci mutuncin wani dattijo da ban taɓa gani da idona ba. Ashe surukinsa ne. Layi ɗaya ya rubuto min: "Malam, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa." Ban yi barci ba ranar. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuma ta fi muni, don tana nan a ajiye tana jiran ranar da za ka buƙaci mutunci.

Don haka idan na tara ƙannena na ce musu ku gyara shafukanku, ba don an saye ni ba ne. Ramin da na faɗa ne nake nuna musu.

Babbar hujjar masu sukata ita ce yawa. Wane yana da mabiya dubu saba'in, mun ɗaga maudu'i ya hau na ɗaya a Najeriya, mun girgiza su. Na san yadda ake yin yawan nan, don na yi. Ana sayen mabiya kamar yadda ake sayen albasa a 'Yankaba, dubu kaza naira kaza. Ana buɗe shafuka biyar-biyar a waya ɗaya da sunayen mata da hotunan da aka sato. A tara yara talatin a guruf, a ba su jimla guda, a ce ƙarfe takwas kowa ya saki. Maudu'i ya hau sama na awa biyu, a ɗauki hotonsa a kai wa Oga, Oga ya yi murmushi ya sa hannu a aljihu. Ku gaya min tsakani da Allah, wa aka yaudara? Abokin hamayya ya san ƙarya ce, don shi ma haka yake yi. Oga aka yaudara, sai kuma kanmu.

A watan Yulin 2018 kamfanin Twitter ya cire miliyoyin shafukan da ya kulle saboda zargi daga lissafin mabiya. Tsohon shugaban Amurka Barack Obama kaɗai sama da mabiya miliyan biyu ya rasa. Idan mai miliyoyin masoya na gaskiya ya ga haka, ina ga kai da ka sayo naka? A lokacin na san waɗanda suka kwana da dubu ashirin suka wayi gari da abin da ba za su iya nunawa ba. Taron tsintsiya ba shara. Shafin bogi ba ya sayen atamfa, ba ya zuwa ɗaurin aurenka, kuma ba shi da katin zaɓe.

Maganar katin zaɓe ma, mu duba 2023. Sama da mutum miliyan 93 ne a rajistar INEC, amma ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu ba su kai miliyan 25 ba. Duk hayaniyar da kowane ɓangare ya yi a waya, kusan kashi uku cikin huɗu na masu rajista a gida suka zauna. Ban ce midiya ba ta da tasiri ba. Duk wanda ya ga yadda #BringBackOurGirls ya zagaya duniya a 2014, ko yadda #EndSARS ya fito da mutane titi a Oktoban 2020, ya san kafar nan tana da ƙarfi. Amma ku lura da abin da ya ba waɗancan ƙarfi: mutane na gaskiya ne, da sunayensu da fuskokinsu, suna magana a kan abin da yake ci musu tuwo a ƙwarya. Ba yara talatin da jimla guda ba.

Wani abu kuma da yawancinmu ba mu sani ba. A ƙarshen watan Maris na 2023, bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, sun fitar da wani sashe na tsarin da manhajar take bi wajen zaɓar rubutun da za ta nuna wa mutane. Abin da aka gani a ciki a lokacin shi ne, amsar da mutum ya rubuto maka ta fi layik nauyi nesa ba kusa ba, wadda ta fi duka nauyi kuwa ita ce amsar da kai mai rubutun ka koma ka tanka. Sannan idan mutane suna toshe ka, ko suna rufe muryarka, ko suna kai ƙararka, makinka ƙasa yake yi sosai. Wato ita kanta na'urar hira take so, kuma duk wanda ka zaga ya toshe ka, ya rage maka kasuwa. Tsarin yana canzawa lokaci zuwa lokaci, amma darasin tsoho ne, kakanninmu 'yan koli sun san shi tun kafin a ƙera waya: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

To me na koya wa yaran nan ranar Asabar, wanda ya zama laifi? Ga shi nan filla-filla, kowa ya yi alƙalanci.

Na farko, na ce shafinka shagonka ne, ka sa masa allo. Sunanka na gaskiya, hotonka na gaskiya, sana'arka, garinku, da lambar da za a same ka. Mutum ba zai tura dubu hamsin ga wani mai suna "Guguwar Arewa" da hoton zaki ba. Rubutun da ake maƙalewa a saman shafi, ka sa shi ya zama ƙofar shago: ga abin da nake yi, ga farashi, ga yadda nake tura kaya. Baƙon da ya leƙo, daƙiƙa kaɗan zai yi ya yanke shawara.

Na biyu, a san ka da abu ɗaya. Wanda yake son hatsi Dawanau yake nufa, mai son yadi Kwari, mai son waya Farm Centre, mai son kayan masarufi Singa. Kowace kasuwa da abin da ta yi suna a kai. Amma shafinka da safe ƙwallo, da rana zagin sanata, da yamma faɗan mata da maza, da dare tallan takalmi. Wa zai tuna da kai ranar da yake neman takalmi?

Na uku, ka ba da ilimi kafin ka nemi kuɗi. Wannan shi ne abin da ya tashe ni bayan na faɗi. Na goge abin da zan iya gogewa, na nemi yafiyar waɗanda zan iya samu, sannan na fara rubuta abin da na koya a shagon kawu: yadda ake gane shadda mai kyau daga wadda aka cika wa sitaci, yadi nawa ke isar babbar riga da 'yar ciki da wando, yadda ake wanke ta kada ta dushe, tambayoyin da za ka yi wa tela kafin ka ba shi ɗinkin Sallah. Rubutu huɗu na amfani, na biyar talla. Wata biyu na farko kamar ina magana da bango. A wata na uku mutane suka fara tambaya. Wanda ya tambaye ka yau ka amsa masa da gaskiya ba tare da ya sayi komai ba, shi ne gobe zai turo maka yayansa.

Na huɗu, ka rubuta farashi a fili. Wannan ɗabi'a ta "biyo ni inbos ka ji kuɗin" tana korar mai saye na gaske, don ya san ana so a duba hotonsa ne a yanka masa farashi daidai da hularsa. Hoto kuma ka ɗauka da kanka da hasken rana, kada ka sato na wani. Idan kalar da ta isa hannun mutum ba ita ce ya gani a waya ba, ka sayar sau ɗaya, ka rasa har abada.

Na biyar, ka amsa wa mutane. Shafi ba gidan rediyo ba ne da za ka yi magana ka kashe makirfo. Wanda ya yi tambaya ka tanka masa, wanda ya yi ƙorafi ka fara da shi. Ka shiga ƙarƙashin rubutun manyan shafuka ka faɗi magana mai ma'ana a kan abin da ka sani, a nan baƙi suke fara ganinka. Ka san lokacin mutanenka: bayan Asuba kafin a fita, da bayan Isha'i idan an zauna. Da azumi lissafin ya canza, sai bayan Tarawi da lokacin sahur. Gara rubutu biyu kullum tsawon wata shida da rubutu hamsin rana ɗaya sannan ka ɓace.

Na shida, amana a bayyane. Sunan da ke kan shafi ya zama shi ne a asusun banki. Idan hali ya samu, ka yi wa sana'arka rajista da hukumar CAC. Ka kai kaya tasha, ka tura wa mai shi hoton ƙunshin da lambar direba. Idan kaya ya isa ya yaba, ka nemi izininsa kafin ka wallafa. Idan ka yi kuskure, ka amsa a fili ka gyara a fili. Na taɓa tura wa wata Hajiya a Jos kalar da ba ita ta zaɓa ba, ta fito ta yi magana a bainar jama'a. Shaiɗan ya raya min in yi mata irin ta da. Na danne, na ce, "Hajiya, laifina ne, ki yi haƙuri, kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina." Wannan amsar ta kawo min masu saye fiye da duk tallan da na yi a watan.

Na bakwai, ka riƙe littafi. Kada ka ƙirga layik, ka ƙirga mutum nawa suka tambaya, nawa suka saya, nawa suka dawo. Kuma duk wanda ya saya, ka adana lambarsa da yardarsa. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, kuma mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin dalili. Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai cur. Masu sayar da kaya da suka dogara da shafi kaɗai sun ji a jikinsu, wasu suka koma lallaɓawa ta VPN, wasu suka bi ayari zuwa Koo, manhajar Indiya da aka yi ta tallatawa a lokacin. Ina Koo take yau? An rufe ta a 2024. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan sadarwa gaba ɗaya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Filin aro ne muke kasa kaya a kai, mai fili yana iya tashinmu ba sallama. Wanda yake da lambobin mutum ɗari uku da suka taɓa sayen kayansa suka gamsu, ko an rufe X gobe kasuwarsa tana aljihunsa.

Wannan shi ne laifin nawa. Yanzu bari in amsa ƙorafe-ƙorafen ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce, idan kowa ya koma talla, wa zai kare jagora? Ina tambaya: kalmar wa ta fi nauyi a unguwa, ta wanda kowa ya san ana biyansa ya yi magana, ko ta wanda yake ci da guminsa? A mazaɓarmu akwai wata ƙanwarmu mai haɗa turaren wuta da humra. Mabiyanta ba su wuce dubu biyu ba, amma kayanta suna zuwa Kaduna da Bauci, har Maraɗi. Ba ta taɓa zagin kowa ba. Ranar da ta rubuta cewa ta je ta karɓi katin zaɓenta, ta bayyana inda ake karɓa da abin da za a riƙe, matan da suka bi ta suka je sun fi waɗanda motar da muka ɗauka haya ta kwaso. Akwai wani yaro mai haɗa sola, tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 yake bayani a shafinsa: batir nawa ke ɗaukar firiji, me ke kashe inbata, yadda ake gane faranti na jabu. Yau yana da yara uku a ƙarƙashinsa. Idan wannan ya ce ga wanda yake goyon baya, ana saurarensa, don an san ba yunwa ce ta sa shi magana ba. Ni kuwa a zamanin da nake da dubu arba'in, ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya san maganata ta data ce. Kare jagora da hujja, da aikin da aka gani, da harshe mai tsabta, ban hana kowa ba, ni ma ina yi. Abin da na hana shi ne a mayar da ɗan mutane karen farauta.

Sun ce siyasa da kasuwa ba sa haɗuwa, mai saye zai gudu idan ya san ɓangarenka. Ƙarya ne. Ku shiga Kwari ku gani, maƙwabta biyu kowa da hoton gwaninsa a shago, suna cin abinci a kwano ɗaya, suna ba juna aron kaya. Ra'ayi ba ya korar mai saye, rashin kunya ce take korarsa. A cikin masu sayen kayana yau akwai 'yan adawa da yawa, sun san inda na tsaya, muna taɓa barkwanci, su biya su tafi.

Sun ce ai X yanzu yana biyan kuɗi, ba sai ka sayar da komai ba. Gaskiya ne, tun 2023 kamfanin ya fara ba wasu masu shafuka kaso, amma sai ka biya kuɗin shuɗiyar alama, sai kuma miliyoyin idanu sun ga rubutunka. To ta wace hanya yaro ɗan Fagge ko ɗan Tudun Wada zai tara miliyoyin idanu cikin sauri? Mun ga hanyar: ya taɓa addini, ya taɓa ƙabila, ya haɗa Kudu da Arewa faɗa, ya ci mutuncin mata. Mu da muka san abin da rikici yake jawowa a garuruwanmu, wannan kuɗin wuta ne. Kuma dokar biyan tana hannun mutum ɗaya a Amurka, yana iya canza ta da tsakar dare bai shawarci kowa ba. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka.

Sun ce Twitter na 'yan boko ne, talakawanmu suna Facebook da TikTok da rediyo. Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a bar waɗancan ba. Amma su wa ke X? Ma'aikata, 'yan jarida, likitoci, 'yan kasuwa, 'yan uwanmu mazauna Legas da Abuja da ƙasashen waje. Wato masu albashi, masu neman wanda za su amince masa ya sayo musu kaya daga gida, masu ba da aiki. A gaban waɗannan ne muke tura yaranmu su yi tsirara da ashar, sannan gobe yaron ya kai takardunsa ofishinsu.

Akwai kuma abin da masu zuga yara ba sa faɗa musu. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024, kuma sashe na 24 nata ya kai mutane da dama hannun 'yan sanda saboda abin da suka wallafa. Ko kana ganin dokar daidai ce ko ana amfani da ita wajen danne baki, wannan muhawara ce ta daban. Abin da na sani shi ne, ranar da aka zo ɗaukar yaro, wanda ya ba shi jimlar ba ya nan. Uwarsa ce take yawo da mayafi a hannu tana neman mai beli. Na raka irin waɗannan iyaye, na san yadda fuskarsu take.

Ga manyanmu kuma, da girmamawa nake magana, ranku ya daɗe. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin da ake kashewa wata-wata wajen saya wa yara data don su yi zagi, da za a tara na wata shida a ba kowane yaro jari, ko a biya masa kuɗin koyon sana'a, da kun samu sojojin da ba sa sauya sheƙa. Wanda ka saya da data, wanda ya fi ka data zai saye shi, kuma mun sha gani da idonmu: wanda ya fi kowa zagi a madadinmu bara, bana shi ne ya fi kowa zaginmu. Amma wanda ka tsayar da ƙafafunsa, ko ba ka nan zai faɗi alherinka.

Ga tayin da nake yi wa masu sukata, a gaban kowa. Ku zaɓo yara goma ku ci gaba da su a kan tsarinku. Ni ma ga goma da suka ba da sunayensu ranar Asabar: tela biyu, mai gyaran waya, mai kiwon kaji, mai zanen fosta, masu turare, da sauransu. Bayan kwana casa'in mu haɗu a ofishin mazaɓa, kowa ya zo da littafinsa. Kada a kawo hoton maudu'in da ya hau sama. A kawo mutum nawa yaro ya sani da suna da lamba, nawa ya samu ta halak, kuma mutum nawa zai iya kira su amsa masa ranar rajista. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan naku suka fi, zan hau shafin nan in ba ku haƙuri da bakina.

Kai kuma ƙanena da kake karanta wannan da datar da aka saya maka, ban raina ka ba, na zauna a inda kake zaune. Abu ɗaya nake roƙonka: yau da dare ka koma baya a shafinka, ka karanta rubutunka hamsin na ƙarshe, ka ɗauka surukin da za ka nema ne yake karantawa, ko wanda za ka kai wa takardar neman aiki. Abin da ka ga ya dace ka yi bayan nan, ka yi.

Zama na gaba ranar Asabar ne bayan La'asar, a inda muka saba. Kowa ya zo da wayarsa da biro da littafi. Masu kai ƙara ma ƙofa a buɗe take, akwai kujera.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.